Idon Kyanwa da Duhun Dare: Tambayoyi da Amsoshi

Da wuya ka ratsa wata unguwa a Bauchi, daga Jahun har Dutsen Tanshi, ba ka ga kyanwa a kan katanga ko a gindin teburin mai shayi ba. Masu shagunan hatsi a kasuwar Muda Lawal suna barin ta saboda ɓera, uwargida ma ba ta ƙin ta a ɗakin ajiya. Da rana ba mai kula ta. Amma da an ɗauke wuta, idanu biyu suka yi wal a zaure, sai zance ya tashi, kowa da abin da ya ji a wurin kakarsa. Ga tambayoyin da aka fi yi game da ganinta, da abin da binciken likitocin dabbobi da masana ido ya tabbatar.

Da gaske ne kyanwa na gani a cikin duhu dunɗum?

A'a. Babu idon da ke gani ba tare da haske ba, na mutum ne ko na mujiya. Ka sa kyanwa a ɗakin da ba taga, ka toshe ƙasan ƙofa da tsumma, to da kai da ita duk ɗaya kuke wajen gani.

Inda ta sha gabanmu shi ne haske kaɗan yana isar ta. Kimanin kashi ɗaya cikin shida na hasken da ɗan Adam ke buƙata kafin ya bambance abu, shi ya wadace ta. Kuma abin da muke kira duhu a gida ba kasafai yake zama duhu na haƙiƙa ba. Akwai taurari, akwai jinjirin wata, akwai fitilar sola ta maƙwabta da ke leƙowa ta saman katanga, akwai garwashin da ya rage a murhu. Kai ka ce ko tafin hannunka ba ka gani, ita kuwa tana ganin turmi, tana ganin randa, tana ganin abin da ya gifta tsakaninsu.

To me ke cikin idon nata da haske kaɗan ke isar sa?

Fara da girmansa. Ka dubi ƙanƙantar kan kyanwa, sannan ka san cewa ƙwayar idonta ta kusa kai ta babban mutum girma. Babban ido a ƙaramin kai, kusan duk dabbar da ke farauta da dare haka take.

Sai ƙofar haske, wato baƙin nan da ke tsakiyar ido. Wannan kowa na iya gwadawa a gidansa. Da tsakar rana, lokacin da kyanwa ke kwance a tsakar gida, ka tsuguna ka dubi idonta: baƙin ya tsuke ya zama siririn layi a tsaye, sauran idon duk ruwan ɗorawa ko tsanwa. Bayan isha'i ka sake duba ta a hasken da ke fitowa daga ɗaki, kada ka dalle ta da tocila. Za ka ga baƙin ya buɗe ya cika idon, launin ya koma ɗan zobe a gefe. Masana sun auna: daga tsukewa zuwa buɗewa, faɗin wannan ƙofa a idon kyanwa yana ninkuwa har sau 135. Namu bai wuce sau 15 ba.

Hasken da ya shiga yana sauka ne a kan wani tantani da ke can bayan ido, ana ce masa retina. A jikinsa akwai ƙwayoyi iri biyu. Iri na farko na dare ne, ɗan haske kaɗan ke tayar da su, sun ƙware wajen gano motsi amma ba ruwansu da launi. Iri na biyu na rana ne, su ke bambance launuka da ƙananan abubuwa, kuma ba sa aiki sai haske ya wadata. Mu ma muna da duka biyun, shi ya sa in ka fito daga ɗaki mai fitila zuwa tsakar gida sai ka ɗauki kamar minti 20 zuwa 30 kafin idonka ya gama sabawa. Sai dai a idon kyanwa ƙwayoyin dare sun yi wa na rana rinjaye mai yawa, kuma cunkosonsu ya ninka namu sau da dama.

Akwai abu na ƙarshe, shi ne ya fi ɗaukar hankalin mutane, kuma shi ne amsar tambaya ta gaba.

Hasken nan da idonta ke yi da dare, daga ina yake fitowa?

Daga tocilarka. Ido ba ya ƙirƙirar haske. Kashe tocilar, hasken ya tafi.

A bayan retina, kyanwa na da wata shimfiɗa mai sheƙi da likitoci ke kira tafetum. Ka taɓa kwance kan tocila ka ga farin kwanon nan mai walƙiya da ke bayan ƙwan? Aikinsu ɗaya: hasken da zai tafi a banza, su maido shi gaba. Idan haske ya shiga idon mutum, wanda ƙwayoyin gani ba su cafke ba sai baƙin tantanin da ke baya ya shanye shi, shi ke nan. A idon kyanwa kuwa sai ya bugi wannan shimfiɗa ya dawo, ya sake ratsa ƙwayoyin gani karo na biyu. Ragowar ne ke fitowa waje ka gan shi kore ko ruwan ɗorawa. Shimfiɗar tana ɗauke da sinadarin zinki da wani nau'in bitamin B, su ke ba da wannan launi. Kyanwa mai shuɗin ido kuwa sau da yawa nata hasken ja-ja yake fitowa.

Dalilin da ya sa sai mai riƙe da fitila ya fi ganin hasken shi ne yana komawa ne ta hanyar da ya zo. Maharba sun daɗe da sanin wannan, shi ya sa suke ɗaura fitila a goshi, kusa da ido. Ba kyanwa kaɗai ba ce: kare, akuya, saniya, kura, kada, duk suna da shimfiɗar. Direban da ya saba bin hanyar Alkaleri ko ta Ningi da dare ya san idon shanu kafin ya ga jikinsu. Mutum ba shi da ita. Jan da ke fitowa a idonmu a hoto jinin da ke bayan ido ne fitilar kyamara ta haska.

Har Turawa sun kwaikwayi dabarar. Wani mutumin Halifas a Ingila, Percy Shaw, ya yi rajistar ƙirƙirarsa a 1934: 'yan ƙwallayen gilashi da ake dasawa a tsakiyar titi, suna maido wa direba hasken motarsa ya ga hanya cikin hazo.

Malam, a gidanmu ana cewa baƙar kyanwa mai hasken ido ba kyanwa ba ce, a kore ta ko a kashe. Ya abin yake?

Baƙar kyanwa da fara shimfiɗarsu ɗaya. Bambancin kawai, fara kana ganin jikinta tare da idon, baƙa kuwa jikin ya saje da dare, sai idanu biyu a sarari ba gangar jiki. Dole gaban yaro ya faɗi. Amma akuyar da ke ɗaure a turke ma idonta haka yake yi, ba wanda ya taɓa tofa mata addu'a.

Ta fuskar addini ma abin da aka ruwaito a fili yake. A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an kawo cewa Abu Ƙatada ya karkata wa kyanwa ƙwaryar alwalarsa ta sha, matar ɗansa ta yi mamaki, sai ya gaya mata Annabi (SAW) ya ce kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kewaya ku a gida. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. A ganina, wanda ya san waɗannan biyun bai kamata ya bar yara suna jifar dabba saboda launin gashinta ba.

Me ya sa baƙin idonta tsaga ce a tsaye, na akuya kuma a kwance?

Tsaga ta fi da'ira iya rufuwa. Idon da aka yi shi don haske kaɗan, in ba shi da ƙofar da ke tsukewa sosai, ranar watan Afrilu a Bauchi sai ta kashe shi. Kyanwa kuma tana ƙarawa da lumshe fatar ido, wadda ke rufowa daga sama, sai ya zama ɗan ɗigo kawai ya rage.

A 2015 wasu masana ƙarƙashin Martin Banks na Jami'ar Kalifoniya suka duba idon dabbobin tudu iri 214. Suka ga tsagar tsaye ta fi yawa a wurin masu farautar kwanton ɓauna, musamman gajeru da idonsu ke kusa da ƙasa, domin tana taimaka musu auna nisan abin da za su dira a kai. Ba banza ba Bahaushe ya ce mage mai kwanciyar ɗaukar rai: tsalle ɗaya gare ta, in ta kuskure nisa ta rasa abincin dare. Zaki kuwa, duk da danginta ne, dogo ne, kuma baƙin idonsa da'ira ne kamar namu. Wanda ya yi sa'ar ganin zaki a Yankari ba zai ga tsaga a idonsa ba.

Akuya da tunkiya da doki abin farauta ne, buƙatarsu su ga gefe da gefe, shi ya sa tasu tsagar take kwance. Ka lura da akuya tana kiwo: ko ta sunkuyar da kai ƙasa, ƙwayar idon na juyawa, tsagar na nan daidai da shimfiɗar ƙasa.

Ke nan ta fi mu gani?

Da dare, ƙwarai. Da rana kuwa mun bar ta nesa, domin abin da ta samu na ganin dare da kaifin gani ta biya shi. Hasken da ya yi tafiya biyu a cikin ido yana ɗan watsuwa, kuma ƙwayoyin dare da yawa suna haɗa saƙonsu a jijiya ɗaya, sai hoton ya yi haske amma ya rasa tsantsan fitowa. Abin da mai lafiyar ido zai tantance daga mita 30 ko fiye, ita sai ta matso kamar mita 6.

Na kusa ma haka. Duk abin da ya matso ƙasa da kamar santimita 25 zuwa 30 dishi-dishi take ganinsa. Jefa mata ƙashin kifi ya faɗi a gaban ƙafarta, za ka ga tana sunsune-sunsune tana nema, alhali da yana gangarawa a can nesa da tuni ta cafke. Idonta na motsi ne. Shi ya sa ɓeran da ya daskare wuri ɗaya wani lokaci yakan tsira.

Ta ɗan fi mu faɗin gani, kusan digiri 200, mu 180.

Tana ganin launi?

Tana gani, amma ba kamar mu ba. Mutum na da ƙwayoyin launi iri uku, ita iri biyu ne ke mata aiki. Shuɗi da ruwan ɗorawa suna fito mata, ja da kore suna rikice mata, kuma duka a koɗe. Jan tumatur ba abin da ya dame ta da shi.

In ba ta gani a duhun gaske, ta yaya take kama ɓera a cikin rumbu ko a bayan buhuna?

A nan kunne ke karɓar aiki. Mutum ba ya jin sautin da kaɗawarsa ta wuce 20,000 a daƙiƙa, kyanwa na ji har kusan 64,000, ta ma fi kare. Ɓeraye suna kiran juna da siririyar murya da ke sama da jinmu, mu mu ce ɗaki shiru, ita tana sauraron hira. Kowane kunnenta na da tsokoki 32, kuma tana juya ɗaya gaba ɗaya baya a lokaci guda. Wannan ne ma amsar masu cewa kyanwarsu na ƙura wa bango ido ba komai a wurin. Yawanci akwai komai, a cikin silin ko a bayan filasta: ɓera, tsaka, ko gara.

Sai gashin baki, kamar 12 a kowane gefe, da wasu a saman ido da bayan ƙafafun gaba. Saiwarsu ta nutse cikin fata inda jijiyoyi suka yi yawa, har kaɗawar iskar da ke dawowa daga jikin bango suna ji. Lokacin da ta damƙi ɓera, gashin na tanƙwarowa gaba ya kewaye shi, ya gaya mata inda wuya yake, tunda ido ba ya gani a wannan kusancin. Yara kan ɗauki almakashi su gyara wa kyanwa gashin baki don wasa. A hana su. Zai sake tsirowa, amma kafin nan za ta yi ta karo da kaya.

Tunda zancen ɓera ya zo: Bauchi na cikin jihohin da zazzaɓin Lassa ya fi addaba, musamman da rani, kuma ɓera ke yaɗa shi ta fitsari da kashi. Ajiye kyanwa na taimakawa wajen rage su, amma bai ɗauke rufe abinci da share gida ba. In ta kawo mushen ɓera ta ajiye a bakin ƙofa, kada a ɗauka da hannu. A sa leda ko shebur, a binne, a wanke hannu da sabulu.

Me ya sa take fitina da magariba da kuma asuba?

Lokacinta ke nan. Kyanwa ba dabbar tsakar dare ba ce zalla, ta fi kuzari a faɗuwar rana da ketowar alfijir, lokacin da haske ya ishe ta bai ishi abin farautarta ba, kuma ɓeraye suka fito. Ta gaji wannan daga kakarta, kyanwar daji ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, wadda ta fara raɓar mutane saboda ɓerayen rumbunan hatsi. A tsibirin Saifurus an tono kabarin mutum da kyanwa a gefensa mai kimanin shekara 9,500. Duk tsawon wannan zama da mu, ba ta sauya agogonta ba. In tana hana ka barcin bayan sallar asuba, ka riƙa ba ta babban abincinta da dare kafin a kwanta.

Sai na bar mata fitila a kunne?

Ba buƙata. Sai in ta tsufa ko ganinta ya raunana.

Haska ta da tocila ko fitilar waya na cutar da idon?

Sau ɗaya ba ya makantar da ita, amma yana damun ta fiye da yadda yake damun ka, tunda ƙofar idon a wangale take. 'Yar tocilar nan mai jan ɗigo da yara ke wasa da ita daban ce, ita kam tana iya ƙona retina. Kada a auna ta a idon dabba ko na mutum.

Tamu tuwo da miya take ci kamar kowa a gidan. Akwai matsala?

Akwai, in shi kaɗai take ci. Yadda rashin bitamin A ke sa wa yaro dundumi, ya riƙa laluben hanya da magariba, haka kyanwa ke da nata abin da in ta rasa idon ke lalacewa. Sunansa taurin, kuma a nama da kifi ake samun sa, babu shi a masara, dawa ko shinkafa. Jikin mutum da na kare suna iya haɗa nasu, jikin kyanwa ba ya haɗa abin da zai ishe ta. A 1975 masu bincike a Amurka suka nuna cewa rashinsa na kashe ƙwayoyin retina sannu a hankali har kyanwa ta makance, a 1987 kuma aka gano yana raunana mata zuciya. Ƙwayar ganin da ta mutu ba ta dawowa.

Kyanwar da ke yawo tana kama ɓera da ƙadangare tana samun rabonta. Wadda ke cikin haɗari ita ce 'yar gata, wadda aka kulle a gida mai tayil, ba ɓera, ana ba ta shinkafa da madara ana ganin an kyautata mata. Ba sai an sayi abincin gwangwani mai tsada ba. Zuciya da ƙundun kaza, kan kifi, guntattakin nama daga wurin mahauci, duk sun isa. In an dafa a ba ta har da romon, domin taurin na fita cikin ruwa, amma a ɗebi nata kafin a zuba albasa da tafarnuwa, su kan lalata mata jini. Hanta a riƙa ba ta jefi-jefi, yawanta ma cuta ne. Karas kuwa ba ya yi mata abin da yake yi mana, jikinta ba ya iya juya shi zuwa bitamin A.

In idonta ya yi ciwo zan iya ɗiga mata maganin da muke da shi a gida?

Kada ka yi. Wasu magungunan ɗigawa na mutane suna ɗauke da sinadarin da in akwai ƙujewa a gilashin ido sai ya zurfafa ta har idon ya fashe, kuma ƙujewar ba ta ganuwa sai likita ya ɗiga wani rini. Farasitamol guba ne ga kyanwa, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta.

Masu kiwon kaji su ƙara kula. Maganin nan enrofulokzasin da ake zuba wa kaji a ruwa, in ya wuce ƙima a jikin kyanwa yana lalata retina cikin 'yan kwanaki, makantar kuma sau da yawa ta din-din-din ce. Aibamektin da ake yi wa awaki da tumaki allurarsa ma in ya yi yawa yana taɓa mata gani da ƙwaƙwalwa. Dabbar da nauyinta bai wuce kilo 3 ko 4 ba, ba a auna mata magani da ido. A kai ta asibitin dabbobi.

'Ya'yan da ta haifa idonsu a rufe, yaushe za su fara gani?

Suna buɗewa tsakanin kwana 7 zuwa 10, wasu har sati biyu, kuma duk da shuɗin ido suke farawa kafin launin gaskiya ya bayyana bayan kamar wata biyu. Kada a ɓamɓare musu da hannu. Amma in lokaci ya wuce, fatar idon ta kumbura ko kwantsa ta liƙe ta, a jiƙa auduga da tafasasshen ruwan da ya huce a goge a hankali, in akwai mugunya a nemi likita ba jinkiri.

Gaggawar na da dalili. David Hubel da Torsten Wiesel, waɗanda suka sami kyautar Nobel a 1981, a kan kyanwa suka yi da yawa daga cikin bincikensu. Sun gano cewa in aka rufe ido ɗaya na ɗan kyanwa a watannin farko na rayuwarsa, ko an buɗe daga baya ƙwaƙwalwa ba ta koyon gani da shi, alhali idon kansa lafiya lau. Wannan bincike na cikin abin da ya sa likitocin ido ke matsa wa iyaye a yi wa jaririn da aka haifa da yanar ido aiki da wuri, kada a ce sai ya girma.

Ta yaya zan gane ganinta ya fara raguwa?

Kyanwa na da ɓoye rauni, kuma ta haddace gidanku, don haka tana iya makancewa rabi ba a lura ba. Alama ta farko yawanci da dare take fitowa: ta daina hawa katangar da ta saba, tana tsayawa tana laluben matakala da ƙafa, tana bin jikin bango. Sai baƙin idon ya zauna a buɗe ko da tsakar rana, ko ɗaya ya fi ɗaya girma, ko hakiya ta fito, ko farin tantanin nan na kusurwar ido ya rufo rabin idon ya ƙi komawa.

Ga gwaji mai sauƙi: ka saki ɗan curin auduga daga sama a gabanta. Auduga ba ta ƙara, ba ta wari, in ta bi shi da ido to tana gani. Ka maimaita da magariba.

Tsohuwar kyanwa da ta makance dare ɗaya, idanu a wangale, sau da yawa hawan jini ne ya ɓamɓare retina, kuma ciwon ƙoda ke janyo shi. In aka kai ta likita a ranar ko washegari akan ceto wani abu na ganin, in aka yi sati ana jira da wuya. Wadda ganin ya riga ya tafi kuwa tana iya rayuwa shekaru a cikin gida: kada a riƙa sauya wa kwanon abincinta da na ruwa wuri, a rufe bakin rijiya da randa, a yi mata magana kafin a taɓa ta, kuma kada a bar ta ta fita titi.